Harsashin zallar jan ƙarfe: wai har nisan ina yake aiki da gaske?

Ɗan Baushe: Assalamu alaikum manyan zaure. Dan Allah ina neman haske kafin in yi asara ta biyu. Bindigata .308 ce, tsawon bututunta inci 20, murɗin cikinta 1:12 kamar yadda aka rubuta a takardarta. Shekara da shekaru harsashin dalma mai giren 180 nake harbawa ban taɓa ganin matsala ba, to bana sai na ce bari in koma na zallar jan ƙarfe tunda kowa sai yabonsa yake, na sayo kwali biyu shi ma giren 180 don a tunanina nauyi ɗaya aiki ɗaya. Wallahi da na je gwaji a yadi 100 sai ka ce an watsa wa kaji tsaba, ɗaya nan ɗaya can, tazarar ta kai inci 4, alhali bindigar nan na san tana haɗa min harsashi uku cikin inci ɗaya da ɗan wani abu. Kuma na lura ramuka biyu a jikin takardar ba su fita zagaye ba, sun ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Shin bindigar ce ta lalace ko harsashin ne? Sannan idan ma an gyara, har nisan ina zan iya dogara da shi a kan dabba?

Mai Dalma: Wa alaikumussalam. Maganin mai sauƙi ne ƙanina, koma wa abin da ka sani. Ni na gwada na gani, ƙusa ce kawai aka yi wa kwalliya. Ka harbi dabba ya shige ta nan ya fita ta can, ita kuma ta ruga kamar ba a taɓa ta ba, ka wuni kana bin sawu.

Injiniya: Wa alaikumussalam. Bindigarka lafiyarta ƙalau malam, ramin nan mai kama da ƙwai shi ya tona asirin komai. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, a kowace santimita kubik jan ƙarfe giram 8.96 ne ita kuwa dalma 11.34. To kaurin harsashi ba ya canzawa tunda dole ya shiga bututun, saboda haka in kana son giren 180 da jan ƙarfe zalla ba inda ƙarin zai tafi sai tsawo. Shi kuma murɗin bututu da tsawon harsashi yake faɗa, ba da nauyinsa ba. Naka 1:12 yana nufin harsashi ya yi juyi ɗaya a kowane inci 12, ya ishi gajeren 180 na dalma amma wannan dogon ya fi ƙarfinsa, shi ya sa yake fita yana tangaɗi ya isa takarda a karkace. Da a ce 1:10 gare ka irin na yawancin bindigogin .30-06 da wataƙila ba ka zo nan da wannan tambayar ba.

Auta: Yallaɓai Injiniya ni fa sabo ne, wai meye giren ɗin nan da kuke ta faɗa?

Injiniya: Ma'aunin nauyi ne Auta, giren ɗaya giram 0.0648 ne. Giren 150 kusan giram 9.7 kenan. Gudu kuma in na ce 2000 ina nufin ƙafa 2000 a daƙiƙa, wato wajen mita 610.

Ɗan Baushe: To na gane ta tsawo. Amma in na sauka ƙasa da giren 180 ai ƙarfin duka zai ragu ko? Ni tsoron da nake kada in je in raunata dabba ta tafi ta mutu a banza.

Baba Sarkin Baka: Yaro bari in shigo nan, don wannan tsoron naka shi ke sa mutane da yawa yin kuskuren da ka yi. Mu da muka tashi da dalma an koya mana in kana son ya ratsa ƙashi ka ƙara nauyi, kuma gaskiya ne a wancan harsashin, saboda shi yana shiga jiki yana zubar da kansa, 180 ɗin da ka harba in ka tono shi a ƙarƙashin fata ka ɗora a sikeli sai ka ga 120 ko ma ƙasa da haka, sauran ya tarwatse a cikin nama. Na jan ƙarfe ba haka yake ba. Akwai ɗaya a cikin gwangwanina yanzu haka, giren 130 ne, na ciro shi daga cinyar baya bayan ya shiga ta ƙirji ya bi tsawon jikin dabbar gaba ɗaya, bakinsa ya buɗe fiffike huɗu sun lanƙwashe baya kamar fure, in ka shafa gefensu da yatsa sai sun yanke ka, na auna 128 na samu. To ka ga 130 ɗin nan ya ƙare tafiyarsa da nauyin da ya fi na 180 ɗinka na da. Me kake nema da ƙarin nauyi kuma? Abin da yake buƙata a wurinka gudu ne, ka ba shi gudu ka sha kallo.

Mai Dalma: Baba da girmanka, ai wanda ya buɗe ka ajiye a gwangwani. Wanda bai buɗe ba fa? Ai yana can daji tare da dabbar, ba mai ganinsa balle ya ɗora hotonsa.

Baba Sarkin Baka: Wannan kuma ka faɗi gaskiya, ba zan yi maka gardama ba. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, kuma laifina ne, na harba a nisan da bai kamata ba da bindiga mai gajeren bututu. Mun samu dabbar bayan wahala, ramin shiga da na fita duk kaurin fensir.

Injiniya: To a nan gizo ke saƙar, kuma ita ce amsar tambayar Ɗan Baushe ta biyu. Dalma tana da laushi, ko gudu ya ragu sosai tana ɗan nakasa ta buɗe. Jan ƙarfe yana da tauri, ramin da ke bakinsa sai ruwan jiki ya shiga da ƙarfi ya tsage shi kafin fiffiken su buɗe, in ƙarfin bai kai ba shi kenan ya zama ƙusar da Mai Dalma ke faɗa. Yawancin kamfanoni suna sa mafi ƙarancin gudun buɗewa tsakanin 1800 zuwa 2000, amma ku sani buɗewar da ake nufi a 1800 sau da yawa ɗan tsagewar baki ce kawai, faɗinsa bai wuce kaurin jikin harsashin da komai ba. Ni nawa layin 2000 ne, in na samu 2200 hankalina ya fi kwanciya.

Bari mu yi lissafi da bindigarsa. Giren 180 daga bututun inci 20 zai fita wajen 2480. A yadi 100 ya dawo kusan 2300, a 200 kusan 2130, kafin ya kai 300 ya riga ya faɗo ƙasa da 2000. Giren 130 kuwa zai fita wajen 2980, a 100 kusan 2715, a 200 kusan 2465, a 300 kusan 2230, sai a yadi 400 ne yake taɓa 2000. Wato mai sauƙin nauyin ya ba shi ƙarin yadi ɗari da wani abu, duk da ya fi saurin zubar da gudu. Kuma in ka saita bindigar a yadi 200, shi zai sauka kamar inci 7 da rabi a 300, mai nauyin kuma kamar inci 10. Lissafin kwamfuta ne wannan, iska da sanyi da tudun wuri za su ɗan motsa shi, amma ba za su juya labarin ba.

Baban Ummi: Ni dai abin da na sani tun da can shi ne in harsashi na ɗauke da fut-fam 1000, wato ma'aunin ƙarfin duka, ya ishi barewa. Me zai hana mu bi wannan kawai mu huta da dogon lissafi?

Injiniya: Alhaji wannan ƙa'idar ita ce tarkon. Duba 180 ɗin nan a yadi 300, yana ɗauke da fut-fam sama da 1500, a takarda sai ka ce zai kayar da komai, amma gudunsa ya riga ya sauka ƙasa da 2000. Ko giren 150, kafin ƙarfinsa ya sauko 1000 gudunsa ya dawo wajen 1730, ya daɗe da wuce inda zai buɗe yadda ya kamata. Ƙarfin da ya bi harsashi ya fita ta ɗaya gefen ya shige ƙasa, me ya amfana maka?

Baban Ummi: Toh fa. Ashe shekarun nan layin da ba shi ba nake dubawa a bayan kwali.

Mai Dalma: Kun ga ai kun dawo maganata. Harsashin da sai ka zauna da kalkuleta kafin ka harba shi. Kuma ba wanda ya yi maganar iska, ni a yadi 500 da 600 nake so in ga wanda zai ja da dogon harsashin dalma mai BC, wato ma'aunin yadda harsashi ke ratsa iska, sama da .600, naku na 130 nawa ne, .350? Iska za ta yi wasan kura da shi. Kamfanoni ne da masu dokoki suka haɗa baki suka ɗora mana abin da ba mu nema ba.

Injiniya: A 500 da 600 ka yi nasara yaya, ban musa ba, a nan jan ƙarfe daga .308 bai da hurumi. Tunda bai da nauyin dalma, a tsawo ɗaya BC ɗinsa dole ya gaza, ga rami a baki ga tsagogi a jiki duk suna jan iska. Amma a yadi 300 da iskar gefe mai mil 10 a awa, 130 da 180 ɗin da muka lissafa duk wajen inci 8 za ta ture su, bambancinsu bai kai faɗin yatsa ba. In ka kawo mai BC babba ka rage inci biyu wataƙila. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, dabba nawa muka harba bayan yadi 300 a rayuwarmu?

Baba Sarkin Baka: Maganar haɗa baki kuma Mai Dalma ka sassauta. Kamfanin Barnes sun fito da harsashin jan ƙarfe na X tun 1989, Randy Brooks ne ya ƙirƙiro shi, lokacin ba wata doka da ta tilasta wa mai raifil barin dalma, shi neman harsashin da ba ya rabuwa biyu a kan babbar dabba yake. Na farkon an san su da barin jan ƙarfe a cikin bututu da ɗaga matsin wuta, sai a 2003 suka fito da TSX mai tsagogi a jiki aka samu sauƙin wannan, daga baya aka ƙara masa kan roba ya zama TTSX don ya riƙa buɗewa da wuri. Dokokin hana farauta da harsashin dalma daga baya suka zo. Kalifoniya ta fara da yankin ungulun nan da ake kira kondo a 2008, ta game jihar duka a Yulin 2019, Denmak kuma ta hana a 2024. Mu mun fara harba shi tun kafin nan don muna so.

Maman Sadik: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba gwanar lissafin gudu ba ce amma ni nake gyara naman in an kawo. Bambancin a bayyane yake. Na dalma mai gudu in ya samu kafaɗa sai ka ga wuri ya yi baƙi ya dagargaje kamar an kirɓa, ka yanke ka zubar da kusan rabin kafaɗar, kuma ɓurɓushin da ido ba ya gani ya fi wanda ake gani yawa. A 2008 hukumar kula da daji ta Minesota a Amurka ta yi gwaji da gawar tumaki ta ɗauki hoton ciki, aka ga ɓurɓushin dalma ya yi nisa fiye da ƙafa ɗaya daga hanyar harsashin. Na jan ƙarfe kuwa sai ka yanka har dab da ramin. Ni da yara a gida wannan kaɗai ya ishe ni.

Mai Dalma: Hajiya ban ƙi taki ba. Amma wannan tarwatsewar da kike ƙi ita ce ke sa dabba ta faɗi nan take. Kakanninmu da dalma suka ci har suka tsufa.

Ɗan Baushe: To wannan ita ce ta fi damuna gaskiya. Baba shin da gaske ne sai sun gudu?

Baba Sarkin Baka: Sau da yawa eh, kada kowa ya ruɗe ka. In ka sa shi bayan kafaɗa ya ratsa huhu kawai ba tare da ya taɓa ƙashi ba, ka sa rai za ta yi gudun yadi 40 ko 60, wani lokacin fiye, kafin ta faɗi. Na dalma mai saurin fashewa a wuri ɗaya ya fi yawan zubar da ita a inda take tsaye, wannan Mai Dalma bai yi ƙarya ba. Abin da za ka samu a madadin haka shi ne rami biyu kusan kullum, jini na zuba ta gefe biyu, ko da magariba ka bi shi ba wahala. Ni abin da na canza shi ne wurin saiti. Da ina gudun ƙashi don kada harsashi ya fashe a kai ya ɓata nama, yanzu ƙashin nake nema, in matsa gaba kaɗan in bi layin ƙafar gaba in hau sama zuwa kashi ɗaya cikin uku na jiki, ya karya kafaɗa ya wuce ta saman zuciya ya fita. Ƙashin ma yana taimaka masa buɗewa. Da haka ba ta zuwa ko'ina. Sai dai ka duba abin da ke bayanta da kyau kafin ka taɓa kunama, don wannan harsashin ba ya tsayawa a ciki, in wata na tsaye a baya ka harbi biyu ba ka shirya ba.

Auta: Na ji wasu na cewa akwai na jan ƙarfen da shi ma yana fashewa, ko ƙarya ne?

Injiniya: Akwai, irin na kamfanonin Hammer da Cutting Edge, a injin sassaƙa ake fitar da su ɗaya-ɗaya. An yi su ne da gangan fiffiken su karye su bazu gefe, gindin kuma ya ci gaba da ratsawa da faffaɗan baki. Masu son faɗuwar nan take sun fi karkata can. Sannan ba duka ne zalla ba ma, GMX na Hornady da CX da ya maye gurbinsa gauraye ne, jan ƙarfe kashi 95 da zinki kashi 5.

Baban Ummi: Ni bindigar 6.5 Creedmoor gare ni, ni ma sai na rage nauyin harsashi?

Injiniya: Kai murɗinka 1:8 ne, tsawo ba zai dame ka ba. Gudu ne abin dubawa, giren 120 zuwa 130 ya fi maka 140. Masu .243 mai 1:10 su tsaya wajen 80 zuwa 85.

Ɗan Baushe kafin ka koma gwaji ka wanke bututun nan tas da maganin cire jan ƙarfe, wasu bindigogin ba sa son a haɗa musu dattin tsohon harsashi da na sabo. In kuma kai kake ɗura naka, kada ka ɗauki ma'aunin albarushin na dalma ka zuba wa wannan, dogo ne yana cin wuri a cikin kwanso, nemi teburin da aka yi dominsa ka fara daga ƙasa. Kuma yana son a ba shi ɗan fili kafin ya kama tsagar bututu, Barnes da kansu inci 0.050 suke cewa a fara da shi. Mafi muhimmanci ka aro na'urar auna gudu, don lambar da ke bayan kwali yawanci da bututun inci 24 aka same ta, kai kuma 20 gare ka, kowane inci da aka rage yana cin wajen 25 daga gudun.

Mai Dalma: Wanki, awo, aro, kalkuleta. Allah ya ba da haƙuri. Ni dai na ɗauki bindiga na tafi.

Shugaban Zaure: Malamai a ci gaba da muhawara amma ban da zolayar da za ta kai ga faɗa. 

Ɗan Baushe: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na wanke bututu kamar yadda Injiniya ya ce, abin da ya fito a ƙyallen shuɗi shar har na ji kunya. Na samo giren 130 mai kan roba da kuma 150. Na 150 ya haɗa min uku cikin inci ɗaya da rabi, na 130 kuma uku cikin inci ɗaya, na sake harba biyar suka ɗan buɗe zuwa ɗaya da kwata, ramuka duk zagaye. Na'ura ta nuna 2965 a matsakaici, a kwali kuwa sama da 3100 aka rubuta, kun ga da na bi kwali da na yi wa kaina ƙarin yadin da ba ni da shi. Sannan dukan da bindigar ke min a kafaɗa ya ragu sosai, ban zaci haka ba. Na kuma jera jarkokin ruwa guda bakwai a yadi 300 na harba, sai a harbi na biyu na samu tsakiya, ta farko da ta biyu suka fashe, na tsinci harsashin a cikin ta biyar ya buɗe fiffike huɗu sai dai ba su kwanta baya sosai kamar na Baba ba, sun tsaya rabi. Ganin haka na sa wa kaina iyaka a 325, lissafi ya ce 400 amma ni abin da idona ya gani zan bi.

Baba Sarkin Baka: Madalla yaro. Ajiye wannan harsashin, in ka samu na cikin dabba ka jera su ka kwatanta, ruwa da nama ba ɗaya ba ne.

Mai Dalma: 325 kawai? Ai ni daga nan nake fara gyara zama. Amma dai haɗin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sauran kwali ɗaya da rabi na 180 ɗin fa, me za ka yi da su?

Ɗan Baushe: Suna nan yaya, in kana so.

Mai Dalma: .30-06 ɗina 1:10 ce. Kawo in gwada, ba don na yarda ba, so nake in samu hujjar da zan dawo muku da ita.

Injiniya: Ka auna gudun kafin ka dawo da hujjar, kuma ka faɗa mana nisan.